Tarihin Kunnen Ƙarfe da Maganar Hannu

Mai karatu, in kana zaune a Yamai ka san lokacin da za mu yi magana a kansa. Hunturu ya wuce da ƙurarsa, bazara ta kama, hanci ya bushe, leɓe ya tsage. A wannan tsakani ne sanƙarau ya kan shigo gari. Yaro ya kwana lafiya lau, ya tashi da zazzaɓi mai zafi, wuya ya sanƙare. A ruga da shi gidan likita. In da sauran kwana sai ya warke, a dawo da shi gida, maƙwabta su yi ta zuwa barka. Bayan kwana kaɗan uwarsa ta kira shi daga bakin murhu, bai waiwayo ba. Ta sake kira da ƙarfi, shiru. Ta yi tsammani rashin kunya ce. Sai ran da kwano ya faɗi a bayansa, kowa ya zabura ban da shi, sannan ta gane abin da ciwon ya tafi da shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum biyar da suka tashi daga irin wannan sanƙarau, ɗaya ya kan fita da wata naƙasa mai daɗewa, kurumta kuwa tana cikin waɗanda suka fi yawa. Ƙasarmu tana tsakiyar yankin da cutar ta fi so. Wani lokotoron sojan Faransa, Léon Lapeyssonnie, shi ne ya zana iyakar yankin a takarda a 1963, yau kuwa ana lissafa ƙasa 26 a cikinsa, daga Senegal har Habasha.

Tambayar da uwar nan za ta yi ɗaya ce: shin ɗana zai yi magana? Mutane sun fi shekara ɗari biyu suna gardama a kan amsar, kuma a tsakiyar gardamar aka ƙera wata na'ura da a ke dasawa cikin kunne. Ga yadda abin ya gudana.

Da farko mu gyara wata kalma. Mu kan ce wa kurma bebe, kamar harshensa ne ya mutu. Ba haka ba ne. Harshen kurma da maƙogwaronsa lafiyarsu ƙalau. Yaro yana koyon magana ne ta hanyar kwaikwayon abin da ya ji, ya kuma ji muryar kansa ya gyara. Wanda bai taɓa jin "ruwa" ba, ina zai samo "ruwa" ya faɗa? Wanda kuma ya kurumce yana ɗan shekara biyu ko uku, ƴan kalmomin da ya tara su kan zube a hankali, don ba abin da ke sabunta su.

Hausawa ba su jira kowa ya zo ya ba su dabara ba. Tun kaka da kakanni kurame suna da yarensu, maganar hannu. A Kano har sarauta a ke yi, ta sarkin bebaye, kamar yadda makafi su ke da nasu sarki. Wata Bajamushiya mai nazarin harsuna, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano, ta fitar da littafi a kan wannan yare a shekara ta 2000. Ta nuna cewa ba nune-nune ba ne kawai na mai neman abinci. Yare ne cikakke mai ƙa'ida, ana ciniki da shi, ana ba da labari, ana tsegumi, ana faɗa. Ta kuma lura masu ji da yawa a kasuwa da unguwa sun iya shi gwargwado, ba su kuma jin kunyar yin sa. Riƙe wannan, za mu komo kansa.

A Turai kuwa, wajen 1760, wani limamin Kirista a birnin Paris, Charles-Michel de l'Épée, ya gamu da ƴan mata biyu tagwaye kurame suna hira da hannu. Ya koyi hannun daga wurin kurame, ya buɗe lakwal kyauta, ya koya musu karatu da rubutu da shi. Aikin ya yi albarka. Ɗaya daga cikin kuramen da lakwal ɗin ta yaye, Laurent Clerc, ya ƙetare teku a 1816, shi da wani Ba'amurke Thomas Gallaudet suka buɗe lakwal a garin Hartford a 1817.

Amma akwai wasu malamai, musamman a Jamus da Italiya, da su ke ganin hannu shi ne ke hana baki buɗewa. A ganinsu in an bar yaro ya sami hanya mai sauƙi ba zai wahala ya koyi mai wuya ba. A watan Satumba na 1880 aka yi babban taron malaman kurame a Milan, cikin Italiya. Kusan duk mahalarta masu ji ne. Suka jefa ƙuri'a, 160 suka rinjayi 4, aka yanke cewa da baki kaɗai za a koyar. Daga nan aka kori malamai kurame daga lakwal da yawa. Aka riƙa sa yara su zauna a kan hannuwansu, wasu har a ɗaure musu. Yaro ya shekara goma yana kallon leɓen mushe, yana taɓa maƙogwaronsa don ya ji rawar murya. Kaɗan sun yi magana, yawancinsu waɗanda da ma su ke da sauran ji ne, ko suka kurumce bayan sun iya magana. Sauran suka fita ba baki, ba karatun kirki. Faransa ba ta ba iyaye izinin zaɓen koyarwa da hannu a doka ba sai 1991. Taron malaman kansa sai a 2010, a Bankuba ta Kanada, ya fito ya janye hukuncin Milan ya nuna nadama. Shekara 130 ke nan.

Yadda hannu ya zo lakwal a ƙasashenmu

Wanda ya kawo lakwal ɗin kurame yankinmu shi ma sanƙarau ne ya kurumtar da shi, yana da shekara 11. Sunansa Andrew Foster, baƙar fata ne ɗan Amurka, an haife shi a 1925. Shi ne baƙar fata na farko da ya sami digiri a kwalejin kurame ta Gallaudet, a 1954. Ɗan mishan ne. Ya sauka Gana a 1957 ya buɗe lakwal a Akara, ya wuce Ibadan a 1960. Kafin ya rasu cikin haɗarin jirgin sama a Ruwanda a watan Disamba na 1987, ya buɗe lakwal wajen talatin a ƙasa 13. A Ibadan ya riƙa tara malamai daga ƙasashe masu Faransanci yana horar da su. Shi ya sa hannun da a ke koyarwa a lakwal ɗin kurame na waɗannan ƙasashe, har da tamu, asalinsa na Amurka ne, an gauraya shi da kalmomin Faransanci. Ka ga zagayen da ya yi: daga Paris zuwa Amurka, daga Amurka zuwa Ibadan, daga can ya iso bakin kogin Isa. A Yamai akwai lakwal ɗin kurame mai sunan Hassane Bana Ba. A Kano kuma an buɗe ta Tudun Maliki a 1977.

Abin takaici ɗaya, hannun lakwal ya kan raina hannun gida, kamar yadda ɗan boko ya taɓa raina yaren uwarsa. Wannan zance ne na wata rana.

Kunnen ƙarfe

Kafin ka gane na'urar sai ka san cikin kunne. Abin da mu ke gani a waje mazurari ne kawai. Can ciki, cikin ƙashin kai, akwai wani ɗan abu a naɗe kamar katantanwa, girmansa bai wuce ƙwayar wake ba. Cike ya ke da ruwa, kuma jere a cikinsa akwai ƙananan ƙwayoyi masu gashi wajen 15,000. Sauti ya shigo, ruwan ya motsa, gashin ya kaɗa, ƙwayoyin su juya kaɗawar ta zama ɗan kuran mai rauni, jijiyar ji ta kai wa ƙwaƙwalwa. Bakin katantanwar shi ke jin siririn sauti irin na tsuntsu, ƙuryarta kuma mai kauri irin na ganga. In ƙwayoyin nan suka mutu ba su sake tsirowa. Amma sau da yawa jijiyar tana nan da ranta, tana jiran saƙon da ba ya zuwa.

To, me zai hana a kai mata kuran ɗin kai tsaye? Wajen 1800 Alessandro Volta, Ba'italiyen da ya ƙera pil na farko, ya cusa ƙarafa biyu a kunnuwansa ya haɗa da pil. Ya ji an doke shi a ka, sannan ya ji wani sauti kamar tafasar miya mai kauri. Bai sake ba. Sai a 1957, a Paris, André Djourno da lokotoro Charles Eyriès suka ɗora waya a jijiyar wani kurma. Mutumin ya ji ƙara kamar kukan gyare, har ya riƙa gane ƴan kalmomi irin su "papa" da "maman". Na'urar ba ta daɗe ba ta lalace. Labarin ya fito a jarida, wani majinyaci ya kai wa lokotoro William House a Los Anjalis ta Amurka, shi kuma ya fara nasa dashen a 1961.

Manyan masana na lokacin dariya suka yi. Suka ce yaya waya ɗaya za ta maye gurbin ƙwayoyi dubu goma sha biyar? Da gaskiyarsu ta wani fanni, don da waya ɗaya mutum ya kan ji an buga ƙofa ko mota na tafe, amma magana ba ta fita. Sai aka koma neman yadda za a jera wayoyi da yawa cikin katantanwar, kowace ta taɓa nata wurin. Claude-Henri Chouard ya yi a Paris a 1976. Ingeborg Hochmair da Erwin Hochmair suka ƙera tasu a Biyana, aka dasa ta a watan Disamba na 1977. A Ostiraliya kuma akwai Graeme Clark, wanda ubansa mai sayar da magani ne da kurumta ta dama. An ce yana zaune a bakin teku ya ɗauki katantanwa yana cusa mata tsinken ciyawa, sai ya ga ciyawa mai laushin kai da taurin gindi ita ce ke bin lanƙwasar har ciki. Haka ya sa aka ƙera wayarsa. Ran 1 ga Agusta 1978, a Melbon, ya dasa wa Rod Saunders, wanda haɗarin mota ya kurumtar. Saunders ya ji magana ya gane.

Ga yadda ta ke a yau. Kashi biyu ce. Na ciki lokotoro ne ke dasa shi ƙarƙashin fatar kai a bayan kunne, da siririyar waya mai baki 12 zuwa 22 da ke shiga katantanwa. Na waje ana rataya shi a kunne, yana da makirfo da pil, yana manne da na ciki ta maganaɗisu. Shi ne ke tsinka sauti kashi kashi ya aika. Da Faransanci lokotoro zai ce maka implant cochléaire. Ta bambanta da abin ƙara ji da ka saba gani a kunnen tsofaffi, wanda ƙara ƙarfin sauti kawai ya ke yi. Zuwa 2022 an dasa fiye da miliyan ɗaya a duniya.

Manya aka fara yi wa, waɗanda suka san magana kafin su kurumce. Su tuni kawai su ke yi. Jarrabawar gaske ita ce yaron da bai taɓa ji ba. Amurka ta yarda a yi wa ƴan shekara 2 a 1990, ta sauko zuwa wata 12 a shekara ta 2000, sannan wata 9 a 2020. Me ya sa a ke ta saukowa? Don abin da aka gano ya fi na'urar kanta muhimmanci. A 2002 Anu Sharma da abokan aikinta suka auna yadda ƙwaƙwalwar yaran da aka yi wa dashe ta ke amsa sauti. Waɗanda aka yi wa kafin shekara uku da rabi, ƙwaƙwalwarsu ta kamo ta masu ji cikin ƴan watanni. Waɗanda suka wuce shekara bakwai, yawancinsu ba ta kamo ba. A 2010 John Niparko da jama'arsa suka ba da sakamakon bin yara 188 shekara uku a Amurka. Waɗanda aka yi wa kafin wata 18 su ne maganarsu ta fi saurin girma, ko da ya ke a jimla ba su cimma yara masu ji ba. Wato ɗakin da Allah ya tanada a ƙwaƙwalwa domin ji ba ya zama fanko yana jira. In sauti bai zo ba, gani da taɓi su kan shiga su tare.

Kada kuma ka ɗauka ran da aka kunna na'urar yaro zai ce "inna". A ranar shi jariri ne sabon haihuwa ta wajen ji, ko da yana gudu da ƙafarsa. Sau da yawa kuka ya kan fashe da shi don tsoro. Sai an yi ta komawa ana daidaita ƙarfin kowane bakin waya. Sai ya yi shekaru wurin mai koyar da furuci. Sai uwa da uba da yayye sun yi ta yi masa surutu daga safe har dare. Duk da haka wasu su yi magana tsaf har su yi hira a tarho, wasu rabi da rabi, wasu kuwa kusan babu, kuma ba lokotoron da zai iya rantse maka tun farko a wane kashi ɗanka zai faɗa.

A nan tsohuwar gardamar Milan ta farka. Masu dashe da yawa suka riƙa ce wa iyaye kada su yi wa yaro hannu, zai hana shi sauraro. Ƙungiyoyin kurame kuwa suka tashi, wasu har suka ce ana so a shafe al'ummarsu ne. Bincike bai raba gardamar sarai ba. A 2014 Kathryn Davidson da abokanta suka duba yara biyar masu dashe waɗanda iyayensu kurame ne, suka tashi da hannu tun daga goyo, suka tarar Ingilishin bakinsu daidai ya ke da na tsaransu masu ji. Amma yara biyar kaɗan ne. A 2017 Ann Geers ta fito da nata, ta ce cikin ƴaƴan masu ji, waɗanda ba a yi wa hannu ba sun fi iya magana. Masu suka suka amsa cewa wataƙila yaran da na'urar ba ta yi wa aiki sosai ba su ne iyaye suka ci gaba da yi wa hannu, ba hannun ne ya jawo ba. Abin da ba wanda ya musa shi ne wannan: yaron da ya wuce shekarunsa na farko ba yare ko ɗaya, na baki ko na hannu, raunin ya kan bi shi har girma, a karatu da lissafi da fahimtar mutane. An kuma sani tun 1991, daga aikin Laura Petitto, cewa jaririn da a ke yi wa hannu ya kan yi gwalan-gwalan da yatsunsa a daidai watannin da mai ji ke yi da baki. Ƙwaƙwalwa yare ta ke nema, ba ta damu da ƙofar da ya shigo ba.

A ganina, mai karatu, gardamar nan ta masu hali ce. A inda a ke auna jin kowane jariri kafin ya bar gidan haihuwa, a dasa masa kafin ya yi tafiya, ana iya musu a kan ko a ƙara da hannu. A nan fa? Sau da yawa sai yaro ya kai shekara uku ko huɗu, ana cewa nauyin baki ne, kakansa ma haka ya yi, kafin a kai shi ga lokotoro. Kuɗin na'ura da aiki miliyoyin sefa ne. Bayan aiki ga pil, ga waya da ke tsinkewa, ga zufa da ƙurar hunturu da ke shiga makirfo, ga ɗaukewar kuran. Ran da na wajen ya lalace, yaro ya koma kurma tsaf har a sami wani. Haka ya ke kowane dare in ya cire zai kwanta. Uban da ya ce ba za a yi wa ɗansa hannu ba sai ya tara kuɗin dashe, yana kashe shekarun nan uku da rabi ne da hannunsa.

Akwai kuma wata matsala tamu ta kanmu. Faɗi "wuya" na jiki, ka faɗi "wuya" ta wahala. Faɗi "kuka" na hawaye, ka faɗi "kuka" ta miya. Baƙaƙen ɗaya ne, hawa da saukar murya ne suka raba su. Zabarmanci ma haka ya ke. To, hawa da saukar murya na cikin abin da na'urar ba ta isarwa da kyau, don a kan harsunan Turai aka fara gwada ta, su kuwa ba su raba kalma ta wannan hanya. An ga haka ga yaran Sin, waɗanda yarensu ya dogara da karin murya. Suna koyo, amma da wahala fiye da tsaransu, kuma waɗanda aka yi wa da wuri sun fi. Ɗan Bahaushe mai dashe zai bukaci mai koyar da furuci da ya san Hausa, ya kuma san inda za ta ba shi wuya.

Ga wanda sanƙarau ya kurumtar kuwa, agogonsa ya fi na kowa sauri. Cutar ta kan bar kumburi cikin katantanwar, sai ramin ya fara cikewa da ƙashi, wani lokaci cikin ƴan makonni. In ya toshe, wayar ba ta da inda za ta bi. Don haka lokotoro ke so a auna jin duk yaron da ya tashi daga sanƙarau tun kafin a sallame shi, ko cikin wata guda bayan haka. Sashen kunne da hanci da maƙogwaro, wanda a ke rubuta ORL a ƙofarsa, yana nan a babban gidan likita na ƙasa a Yamai. A gida ma kana iya lura. Jariri ɗan wata shida ya kamata ya juya in an yi ƙara a gefensa. In za ka gwada, tsaya inda ba ya ganinka ko inuwarka, kada kuma ka buga ƙafa a ƙasa, don kurma yana jin girgiza a jikinsa ya ruɗe ka. Jariri kurma ma ya kan yi guɗa da dariya a watannin farko. Alamar ita ce in ya kusa shekara bai fara "ba-ba-ba" da "da-da-da" ba, ko ya fara ya daina.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wajen kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara ana iya hana ta: da lambar ƙyanda da hangum da sanƙarau, da kula da shawarar jarirai, da maganin kunne mai ruwa, da barin allurar da ba lokotoro ne ya rubuta ba, don wasu magunguna suna kashe ƙwayoyin nan masu gashi. A watan Disamba na 2010 Nijar da Mali da Burkina Faso suka zama na farko da suka yi wa jama'a sabuwar lamba mai suna MenAfriVac, kuma irin sanƙarau na A, wanda shi ne ya fi yin ɓarna a babbar annobar 1996, ya kusa ɓacewa. Sai irin na C ya taso. A 2015 ya kama mutum wajen 8,500 a ƙasar nan, ya kashe 573, Yamai ce ta fi jin jiki, har aka rufe lakwal a birnin cikin watan Afrilu. Yaran da suka tashi daga wannan annoba ba kunne yanzu sun zama samari da ƴan mata. A 2024 aka fara amfani da wata lambar mai kare iri biyar a haɗe, har da A da C, Nijeriya ce ta fara yin ta.